Yatsan da Ya Daina Shiga

Litinin, 5 ga Mayu, bayan makaranta

Yau aka dawo da Tsohuwa. Ba da ƙafarta ta dawo ba, a bayan wata babbar mota aka ɗoro ta. Duk 'yan layinmu sun fito kallo. Ni ta bayan labule na leƙa.

Tsohuwa ita ce akori-kurar kakanmu, shuɗiya, ta ma girmi Baba. Da Kaka ya rasu sai ta zama ta Baba da ƙanensa, Baffa Faldie. Su biyu suka sauke ta ƙasa, har gwangwanin lemo ba ya shiga ƙarƙashinta a tsaye. In ta zo tudun titi sai ta karkace, ta haye a hankali kamar mai ciwon ƙugu. Duk unguwarmu ta Lentegeur babu wanda bai san ta ba.

Ƙofar direba ce ta lalace. An banƙare ta baya har ta wuce inda take tsayawa, yanzu tana lilo kamar haƙorin da ya kusa fita. Da igiyar shanya aka ɗaure ta. Baffa Faldie ne ya fita da motar waccan Alhamis ɗin. Motar dai ta dawo.

Mama ta ce kada in yi zancen a makaranta. Da wa zan yi? Tun da na shiga sakandare ban yi ƙawa ko ɗaya ba.

Talata, 6 ga Mayu, bayan magariba

An kawo Mishka, 'yar Baffa Faldie, da jaka ɗaya da 'yar tsanarta mai ido guda. Shekararta takwas. Mamarta ta rasu tun tana goye. Mama ta ce za ta zauna da mu na ɗan lokaci.

A gadona.

Tana ce mini Tietie, sai ka ce yayarta ta ciki ɗaya. Tietie kaza, Tietie kaza. Ni Zulfa ne sunana.

Alhamis, 8 ga Mayu, da safe

An soya mata ƙwai biyu, ni ɗaya. Ban damu ba.

Asabar, 10 ga Mayu, bayan la'asar

Zan rubuta.

A gidanmu ba a auna tsagar ƙofar mota da ƙarfe. Da ƙaramin yatsan autan gida ake aunawa. Haka Kaka ya yi da Baba, ya yi da Baffa, haka su ma suka yi da ni tun ina 'yar shekara shida. Za ka sa kan yatsa a tsagar da ke tsakanin ƙofa da madigadi, ka rufe ido, ka ja shi daga sama har ƙasa. Inda ya matse ka ce "cizo". Inda ya yi sako-sako ka ce "rami". Sai a sassauta noti, a ƙara washa ko a rage, a ɗaga ƙofar ko a sauke, har ka ce "daidai". Wanda yatsansa ya auna, shi ke zama a tsakiya, kusa da Baba, ranar fitar farko, shi ke danna hon a bakin layi. Tun da na yi wayo ni ce. Baba ma ba ya kirana Zulfa a rumfar mota, Ma'auni yake ce mini.

Yau ya buga ƙofar ta miƙe, ya rataya ta, ya ƙwala kira: "Ina Ma'aunina?"

Na zo da gudu. Na sa yatsa. Bai shiga ba. Na juya shi, na tura da ƙarfi. Bai shiga ba.

Na ce, "Baba, ƙofar ce ta karkace."

Ya ce, "To zo mu gwada lafiyayyar."

Muka zaga ɗaya gefen, ƙofar da babu abin da ya same ta, wadda ni na auna ta bara. Nan ma ya ƙi.

Boeta Salie maƙwabcinmu yana jingine da katanga da kofin shayinsa, kamar kullum. Shi mai fenti ne, amma ya ce bayansa ya hana shi ɗaga komai sai kofi. Ya kwashe da dariya.

"Kai Igshaan, ma'auninka ya zama budurwa! Nan gaba kaɗan zobe za a auna masa, ba ƙofa ba."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Mishka tana zaune a kan tsohuwar taya tana tsefe kan 'yar tsanarta. Baba ya dube ta, ya ce, "Ke 'yar Faldie, taso mu gani." Ta taso. Yatsanta ya zurma kamar an shafa masa mai. Ta ja shi ƙasa, ta ce yana mata cakulkuli.

Baba ya yi dariya. Tun waccan Alhamis ɗin bai yi dariya ba. Na wanke masa kofi, na goge masa takalmi, na kawo takardar lissafi da na ci, bai yi ba. Sai yau.

Ban damu ba.

Lahadi, 11 ga Mayu, da safe

Na kwana da zare ɗaure a yatsan, ko zai rame. Ya wayi gari a kumbure, ya yi baƙi. Mama ta yanke zaren da almakashi tana salati.

"Zulfa, aljanu ne suka taɓa ki? Wace irin hauka ce wannan?"

Na ce wasa nake yi. Yanzu ya fi jiya kauri.

Lahadi, da yamma

Na yi tunani. In nawa ba zai rame ba, nata zai iya ƙiba.

Duk Lahadi da safe muna sayo koesista, wani irin fanke mai zafi da kwakwa, wajen Anti Gouwa ta bayan masallaci, kowa biyu. Na ba Mishka nawa duka. Ta cinye huɗu, kwakwa har a hancinta. Mama ta shafa kaina, ta ce wa Baba, "Ka ga 'yarka? Allah ya yi mata zuciya mai kyau."

Na sunkuyar da kai.

Na yi addu'a bayan sallah. Ba zan rubuta abin da na roƙa ba.

Laraba, 14 ga Mayu, bayan makaranta

Ruwa tun safe. Baba yana dawowa daga masana'antar kujeru ya wuce rumfa, ko shayi bai sha ba. Ya ɗage gaban Tsohuwa a kan jak, ya cire madigadi ya sake ɗaurawa, don shi ma ya goce. Ya ce sai ƙofa ta zauna daidai da jikin mota ta baya, sannan a biyo da madigadi, sannan bonet. Ni ya taɓa gaya wa wannan. Yau Mishka yake gaya wa, kamar sabon zance.

Da, Baffa Faldie ke rungumar ƙofa a ƙirjinsa, ya riƙe ta cak, Baba yana ɗaure noti. Yanzu babu mai riƙewa. Baba ya tokare ta da katako da gwiwarsa, yana ɗaurewa tana zamewa.

Boeta Salie ya ce, "Da na taimaka maka, wallahi, sai dai bayan nan nawa."

Baba ya ce, "Bayanka bai hana bakinka aiki ba."

Ni aikina yanzu miƙo sifana. Ko kare ma za a iya koya masa miƙo sifana.

Alhamis, 15 ga Mayu, da magariba

Ya ce mata Ma'auni. Da kunnena na ji.

Asabar, 17 ga Mayu, bayan la'asar

Da sassafe Baba da Mama suka tafi can gidan yari, wajen Baffa Faldie. Mama ta zuba sabulu da safa da man goge baki a leda mai haske, wadda ake ganin cikinta, don ba a yarda da wata iri ba. Ba a zuwa da yara. Mishka ta bi su har bakin ƙofa da wani zane da ta yi, motar shuɗiya da mutum uku a ciki. Na duba. Babu ni.

Sun dawo da azahar. Baba ya shiga rumfa da kayan da ya fita da su.

Ga abin da na gani. Ya ce Mishka ta auna. Ta hau kan akwatin lemo, ta sa yatsa, amma ba daga sama ta fara ba. Daga tsakiya ta fara. Can sama, wajen kusurwar gilashi, tsagar ta matse, ko daga inda nake tsaye ina gani. Ta rufe ido ta ja ƙasa da sauri, ta ce, "Daidai!"

Baba ya ce, "Kin tabbata? Har sama?"

"Har sama, Baba Babba. Daidai."

Rumfar akwai duhu in ana ruwa, tabaran Baba kuma sun tsufa, yatsunsa kamar ayaba. Ya yarda. Ya ɗaure notin da ƙarfi.

Ƙarya ta yi. Ni ban taɓa cewa daidai ba sai daidai ne. Akwai ranar da na sa Baba da Baffa suka kwance bonet har suka gaji, Baffa yana cewa, "Wannan yarinya alƙaliya ce, ba ta karɓar cin hanci."

Sifana tana hannuna. Bakina ya buɗe, sai ya rufe. Ai ba ni ce Ma'auni ba.

Lahadi, 18 ga Mayu, da safe

Ta ci huɗu kuma. Na duba yatsanta tana wanke hannu. Yana nan kamar tsinke.

Talata, 20 ga Mayu, bayan makaranta

Boeta Salie ya fesa fenti a ƙofar da bakin madigadin. Ashe bayansa yana barinsa ya yi wannan. Ragowar fentin asali ne da Baffa Faldie ya haɗa da hannunsa, shuɗin da ba a samu a kanti, ɗan kaɗan ya rage a gwangwani. Boeta Salie ya ce, "Ku lallaɓa shi, daga wannan sai dai ku shafa mata shuɗin wanki."

Gidan duk warin fenti. Ƙofar tana ƙyalli kamar ruwa.

Sau biyu na je rumfa don in faɗa. Na farko na tarar Baba ya ɗora Mishka a kafaɗa tana kallon fuskarta a fentin. Na biyu ban ma ƙarasa ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Ba ruwana. Ba ruwana. Ba ruwana.

Asabar, 24 ga Mayu, da yamma

Fenti ya bushe. Baba ya sauke Tsohuwa daga kan jak, ta zauna a kan tayoyinta, jikinta ya ɗan nutsa kamar yadda take yi. Boeta Salie ya kira matarsa ta leƙo. Baba ya goge hannu, ya yi bisimilla, ya ja ƙofar.

Ƙarar ba ta da yawa. Ƙyat. Kamar an karya biskit.

Kusurwar ƙofar ta sama ta ciji bakin madigadi. Fenti ya ɓantare, tsawon yatsa, har ana ganin farin ƙarfe. Ɓawon ya faɗi a kan takalmin Baba.



Baba ya juya wajen Mishka. Bai ɗaga murya ba. "Ba kin ce har sama ba?"

Ta tsaya tana kallon ƙasa. Sai ta ruga cikin gida.

Zan faɗi gaskiya, na ji daɗi.  Na jira ya ce, ina Ma'aunina na gaske.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Zulfa. Ke kin gani?"

Na ce, "Ba ni aka tambaya ba."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ni da ko a aji ba na ɗaga hannu.

Ya daɗe yana kallona. Sai ya sunkuya ya ɗauki ɓawon fentin, ya sa a aljihun rigarsa, ya shiga gida. Boeta Salie ya zubar da sauran shayinsa a gindin katanga, ya ce, "Hm. Gidan Igshaan an yi manya."

Daɗin bai kai magariba ba.

Lahadi, 25 ga Mayu, da hantsi

Mama ta aike mu wajen Anti Gouwa mu biyu. Ni ke riƙe da kwano, Mishka tana bina a baya, ba Tietie, ba komai. A hanyar dawowa, wajen filin ƙwallo, na kasa haƙuri.

Na ce, "Me ya sa kika yi ƙarya?"

Ta ci gaba da tafiya.

"Ke nake tambaya. Kin san ya ciza a sama. Kin ɓata fentin babanki."

Ta ce, "Baba Babba ya ce da Tsohuwa za mu je ɗauko Dedi."

"To sai me?"

"To in na ce cizo sai ya kwance. In ya kwance sai gobe. Goben ma sai ya kwance." Ta ja hanci da hannun riga. "Shi kuma yana can yana jira, Tietie. Can akwai sanyi. Na ji mamarki tana cewa bargo ɗaya ake ba su."

Kwanon yana ƙona mini hannu. Na so in ce mata ba ƙofa ce ta riƙe shi ba. Ban faɗa ba. Ban san ko aikina ne in faɗa ba.

Ta ce, "Ke da kike Ma'auni, ba kya jin tsoron cewa cizo?"

Na ce, "Ina ji. Amma ina faɗa."

Da muka iso gida na ba ta nawa biyun, don na saba. Ta ci ɗaya ta bar ɗaya.

Har yanzu ina jin haushinta. Kawai dai haushin ya canja wurin zama.

Talata, 27 ga Mayu, bayan magariba

Baba bai je aiki ba. Ya sa kwat ɗinsa ta Juma'a a ranar Talata, Mama ta sa baƙin mayafi, suka shiga gari, kotu, tare da wani lauya mai jakar fata. Anti Gouwa ce ta zo ta zauna da mu.

Sun dawo da la'asar. Mama ta wuce ɗaki ta rufe ƙofa. Baba ya zauna a cikin Tsohuwa, a kujerar direba, hannunsa biyu a kan sitiyari, motar a kashe. Har aka kira sallah.

Mishka ta tambaye ni ko an ce wani abu. Na ce ban sani ba. Kuma ban sani ba.

Laraba, 28 ga Mayu, bayan makaranta

An kawo sauran kayan Mishka, har da kekenta. An sayo katifa ta biyu. Mama ta daina cewa na ɗan lokaci.

Juma'a, 30 ga Mayu, da la'asar

Ina kwashe shanya a bayan rumfa, ba su san ina nan ba. Boeta Salie ya yi ƙasa da murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba.

"Shekara nawa suka ce?"

Baba bai faɗi lamba ba. Ya ce, "Kafin ya fito, Salie, yatsan yarinyar nan ma ya daina shiga."

Na tsaya da zanin gado a hannu.

Abin da na roƙa ke nan. Kullum bayan sallah, tun ranar zaren. Allah ka sa yatsanta ya daina shiga. Ni ba haka nake nufi ba. Allah ya san ba haka nake nufi ba.

Asabar, 31 ga Mayu, da yamma

Baba ya ce yau a ƙasa za a yi aikin, tayoyi huɗu a kan siminti, ba jak. Ya ce da ya yi haka tun farko, da ko ƙaryar yarinya ba ta kai ga fenti ba, kansa ne ba ya tare da shi. Ya sassauta notin maratayin ƙofa, ya jawo katakonsa zai tokare. Sai ya tsaya, ya dube ni daga sama har ƙasa, kamar yau ya fara ganina.

"Zulfa, ajiye sifanar nan. Zo ki rungume ta."

"Ni?"

"Akwai wata Zulfa a bayanki?"

Na rungumi ƙofar a ƙirjina, na sa gwiwa a ƙarƙashi kamar yadda na sha ganin Baffa yana yi. Nauyi kamar buhun siminti. Sanyin ƙarfen ya ratsa rigata.

Boeta Salie ya ce, "Za ta saki, Igshaan. Na ba ta minti ɗaya."

Baba ya ce, "Kai da ko daƙiƙa ba ka ba mu ba, yi mana shiru."

Mishka ta hau akwatin lemo. Ta dube ni. Na ce, "Daga sama." Ta miƙa hannu har kusurwar gilashi, ta rufe ido. Yatsan ya tsaya. 

"Cizo," ta ce, a hankali.

Baba ya ce, "Madalla. Zulfa, ja ta baya kaɗan. Kaɗan na ce! Gashin kai ɗaya."

Cizo. Rami. Cizo kuma. Hannuwana suka mutu, gumi yana shiga idona ga sanyi ana yi. Ban saki ba. Baba ya zare washa ɗaya a sama, ya ƙara a ƙasa. Can Mishka ta ja yatsa tun daga sama har ƙasa, ta sake ja, ta buɗe ido.

"Daidai. Wallahi daidai, Tietie zo ki gani."

Baba ya ɗaure. Ya tura ƙofar da yatsa biyu. Ta rufe, tim, kamar murfin firji. Boeta Salie ya lakato ɗigon ƙarshe na shuɗin da ɗan buroshi ya rufe tabon. In ka matsa kusa za ka gani. Baba ya ce a bar shi haka.

Ina wanke hannu a famfo Mishka ta zo ta tsaya a kaina, fuska a murtuke.

"Riƙe ƙofa aikin Dedi ne."

"Na sani."

"Aro aka ba ki. In ya dawo za ki ba shi abinsa."

Na san wannan kallon. Wata guda ina yi mata shi.

Na ce, "Zan ba shi."

Lahadi, 1 ga Yuni, bayan azahar

Mun fita da Tsohuwa har bakin teku a Strandfontein. Mama ba ta shiga, ta ce motar tana girgiza mata ƙoda. Mishka a tsakiya, kusa da Baba. Ni a bakin ƙofa, inda Baffa yake zama. Ita ta danna hon a bakin layi, har sau uku, ni sau ɗaya ake bari in danna. Na lura. Ba zan ce ban damu ba. Na damu.

A wurin tudun titi Baba ya ce, "Zulfa, leƙa mini gefenki." Na leƙa, na ce ya ƙara karkacewa. Muka haye ba ta taɓa ba.

Mishka ba ta tambayi yaushe za a je ɗauko babanta ba. Ina jin ta sani. Ta kwantar da kai a hannun Baba tana kallon ruwa.

Amma abin da nake so in rubuta na safe ne, kafin mu fita. An zuba koesista a faranti. Mishka ta cinye nata biyu, ta miƙo hannu wajen nawa kamar yadda na saba mata. Na janye farantin.

"Biyu sun ishe ki."

Ta buɗe baki. Mama ta juyo daga wajen murhu. "A'a, Zulfa! Ina kyakkyawar zuciyar? Rowa ta dawo?"

Na san ba haka abin yake ba. Ni ba yarinya ba ce, na san ba yatsa ake dubawa a can ba. Duk da haka ina so ranar da Baffa zai shigo rumfar nan, ya tarar yatsan Mishka yana shiga.

Na cinye biyun a gabanta, har kwakwar da ta zuba a faranti. Mama ta ce Allah ya shirye ni.

Na ce amin.